Kafin ka sayo wa yara kunkuru



A makon jiya wata uwa daga unguwar Fadamar Mada a nan cikin garin Bauchi ta aiko da tambaya. Ta ce mai gidanta ya fita da yara, sai suka ga wani saurayi a bakin titi riƙe da kwali, a ciki akwai 'yan ƙananan kunkuru guda uku, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Tun daga ranar yaran suka hana kowa sakat, har uban ya yi musu alƙawarin zai sayo ɗaya a ƙarshen wata. Yaranta uku ne: mai shekara 7, mai shekara 4, da kuma na goye mai wata 9 da ya fara rarrafe. Tambayarta ita ce, me kunkuru yake ci?

Hajiya, zan amsa miki, amma batun abinci shi ne na ƙarshe. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a saƙonki shi ne wannan yaro mai rarrafe, kuma ta kansa zan fara, domin na san akwai gidaje da yawa da ke cikin irin wannan hali.

Kunkuru, da 'yar uwarsa kififiya ta cikin ruwa, da ƙadangare da maciji, dukkansu kan ɗauki wata ƙwayar cuta ta bakteriya mai suna Salmonella a cikin hanjinsu. Ita ƙwayar ba ta damun dabbar. Za ka ga kunkuru yana ci, yana yawo, idonsa garau, amma yana fitar da ita a cikin kashinsa. Daga kashin sai ta hau ƙafafunsa da ƙoƙon bayansa da ƙasan cikinsa, ta bi duk inda ya ja jiki. Ba a gane mai ɗauke da ita da ido, wanka ba ya raba shi da ita, kuma ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya fitar da ita gaba ɗaya, sai ma ya sa ta ƙara taurin kai. Saboda haka duk kunkurun da ya shigo gidanka, ka ɗauka yana ɗauke da ita.

Wannan ba sabon labari ba ne a wajen likitoci. A Amurka, a farkon shekarun 1970, an yi yayin sayo wa yara 'yan mitsi-mitsin kififiya, har aka ƙiyasta cewa kusan mutum 280,000 ne ke kamuwa da Salmonella ta wannan hanya a kowace shekara, akasarinsu yara. A 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato takwarar NAFDAC tamu, ta haramta sayar da duk wadda ƙoƙon bayanta bai kai inci 4 ba, kimanin santimita 10 ke nan. Ba don ƙananan sun fi manya ɗaukar cutar ba. Dalilin shi ne ƙaramar ce yaro zai iya ɗauka, ya sumbata, ya sa a baki. Har yau dokar tana aiki, kuma cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana ba da shawarar kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ko dattijo mai shekara 65 zuwa sama, ko mai raunin garkuwar jiki.

To, idan a ƙasar da ake ajiye dabbar a cikin akwatin gilashi aka ga haka, mai karatu ka dubi tsakar gidanmu. A nan ake wanke-wanke, a kife kwanuka a ƙasa ko a kan ɗan dutse. A nan ake shimfiɗa tabarma a baza shanyar kuɓewa da tattasai da garin masara. A nan randa take, da moɗa a kanta. A nan ake zaunar da yaro a ba shi ɗan ƙosai a hannu, ya faɗi ƙasa ya ɗauka ya mayar baki. Kunkuru kuma ba kaza ba ne da za a ce "kis" ya gudu. A hankali zai bi ta kan shanyar, ya ratsa ta cikin kwanuka, ya shiga ruwan wanke-wanke ya jiƙa, kuma ɗabi'arsa ce ya yi kashi idan ya ji ruwa a jikinsa. Sauran aikin ƙuda ne zai ƙarasa. Yaro mai rarrafe ba sai ya taɓa kunkurun ba, hannunsa da gwiwarsa sun riga sun bi sawunsa.

Akwai wata al'ada da na sha gani, wadda nake roƙon a daina: jefa kififiya cikin rijiya ko tankin ruwa da sunan tana cinye ƙwari tana tsabtace ruwan. A cikin ruwan da za ku sha take kashi. Idan kuma kunkurun tudu ne aka jefa, to shi bai iya iyo ba, nutsewa zai yi ya mutu a ciki.

Wanda ya kamu da Salmonella yakan fara jin alamu daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan ƙwayar ta shiga cikinsa: gudawa, zazzaɓi, murɗawar ciki, wani lokaci da amai. Babba mai ƙoshin lafiya yakan warke cikin kwana 4 zuwa 7 ko da bai sha komai ba sai ruwa. Ba ita ce taifod ba, ko da yake danginsu ɗaya. Ƙwayar taifod daga mutum zuwa mutum take yawo, ba ta zama a jikin dabba. Amma kada wannan ya sa a raina ta. A jikin jariri takan tsallake hanji ta shiga jini, wani lokaci har ta kai ga ƙwaƙwalwa ta haddasa sanƙarau. A nahiyarmu an san tana yin wannan ɓarna musamman ga yaron da maleriya ta galabaitar, ko mai tamowa, ko mai cutar ƙanjamau.

Sai kuma masu amosanin jini, wato sikila. A nan nake so iyaye su tsaya su karanta da kyau. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar yara masu sikila a duniya. Saifar mai sikila takan daina aiki tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace irin waɗannan ƙwayoyi daga jini. Shi ya sa Salmonella take cikin manyan abubuwan da ke jawo musu ruɓar ƙashi, ciwon da kan ɗauki makonni ana allura, wani lokaci sai an yi tiyata. Abin takaicin shi ne a farko ciwon yana kama da ciwon ƙashin da suka saba yi, sai a yi ta ba da maganin rage zafi a gida ana jira ya lafa. Idan akwai mai sikila a gidanka, ko shekarunsa nawa, ni dai shawarata ita ce kada kunkuru ya kwana a gidan.

Idan kuma an riga an ajiye, yaro ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS nan take, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan babu na ƙunshi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A haɗa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a kullum ga wanda ya haura wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba. Amma da zarar an ga jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro yana amayar da duk abin da ya sha, ko idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, fitsari ya ɗauke, to a wuce asibiti, kada a tsaya a kemis ana haɗe-haɗen magani. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa a kai shi. Kuma a gaya wa likita akwai kunkuru a gida. Mutane kan ji nauyin faɗa, wai kada a ce suna ajiye shi don wani sirri ko tsarin gida. Likita ba ruwansa da dalilinka, amma wannan kalma ɗaya tana iya canza gwajin da zai rubuta.

Yanzu mu ɗauka gidanka babu jariri, babu mai sikila, babu tsoho mai rauni. Sauran tambayar ita ce, wane irin kunkuru ne a cikin kwalin, kuma daga ina aka samo shi?

A yankinmu iri uku aka fi cin karo da su. Akwai kififiya, wadda rayuwarta a ruwa take, tana cin kifi da ƙwari, kuma manyanta suna da mugun cizo. Akwai matsakaicin kunkurun daji wanda bayan ƙoƙonsa yake lanƙwasawa ya rufe ƙafafunsa na baya kamar murfi. Shi ba ya girma sosai, yana son inuwa da danshi, yana cin dodon-koɗi da tana da naman kaza haɗe da ganye. Sai kuma babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira sulkata, mai launin yashi da ƙayoyi a cinyoyinsa. Kowanne da abincinsa da mazauninsa, kuma mai sayarwa a bakin titi sau da yawa bai san wanne yake riƙe da shi ba. Zai ce maka yana cin komai, ba ya girma, ba ya ciwo. Duka ukun ba gaskiya ba ne.

Sulkata shi ne na uku a girma cikin kunkurun duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Ana ƙyanƙyashe shi bai wuce santimita 5 ba, abin sha'awa, yaro zai rufe shi da hannu ɗaya. Amma idan ya samu abinci da rana yakan kai nauyin buhun siminti, wasu mazan har su doshi buhu biyu. Yana haƙa rami mai tsawon mitoci da yawa don ya ɓuya daga zafi, kuma bai san iyakar gidanka da na maƙwabci ba; katangar ƙasa ba ta tsayar da shi. Yana ture tukwane, yana cinye shukar da uwargida ta wahala a kanta. Wanda ke zaune a gidan haya mai ɗaki biyu a Yelwa ko Jahun, da tsakar gidan siminti da ake rabawa da wasu, ya tambayi kansa ina zai kai wannan dabba nan da shekara 10.

Ga kuma tsawon rai. Sulkata yakan haura shekara 70. Masu bin labarai za su tuna Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso a Jihar Oyo, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019. Fadar ta ce shekararsa 344, masana suka ce da wuya irinsa ya kai haka, amma ko su ba su musa cewa ya ga zamani mai tsawo ba, kuma har ma'aikata aka ware masa masu kula da shi. Kai da ba ka da fada, lissafinka shi ne: yaron da ke kuka yau a saya masa, nan da wata biyu ya gaji, nan da shekara 12 ya tafi jami'a. Wahalar ta koma kan uwa, kamar yadda aka saba. Wannan dabba ce da za a iya raba gadonka tana tsakar gida tana cin ciyawa.

Batun inda aka samo shi kuwa, a nan ne kuɗinka ke da tasiri. Galibin waɗanda ake tallatawa a bakin hanya ko a wajen masu sayar da tsuntsaye da kayan magani, daga daji aka tsinto su. Kunkuru yana daɗewa kafin ya isa haihuwa, sulkata kan yi shekara fiye da 10, kuma 'ya'yan da ke tsira daga bakin shaho da dila da gobarar daji kaɗan ne. Duk mace ɗaya da aka ɗauke, an yi asarar ƙwan shekaru masu yawa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya sulkata cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2021. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. A cikin gida an kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tsananta hukuncinta, ga kuma hukumar NESREA da ke sa ido. Mu a Bauchi da muke alfahari da Yankari da Sumu da Lame-Burra, mun fi kowa sanin cewa ɗauko dabba daga gandun da aka keɓe laifi ne, ko giwa ce ko ɗan kunkuru.

Na san abin da ke sa mutanen kirki saye: tausayi. Ka gan shi a kwali cikin rana, babu ruwa, ka ce bari in cece shi. Amma kuɗin da ka miƙa shi ne zai mayar da saurayin daji gobe ya nemo wasu uku.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka samu daga gidan da suka daɗe suna kiwo, har nasu suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe. Ka je da kanka ka ga iyayen, ka ga inda suke kwana, ka tambayi watan da aka ƙyanƙyashe shi da abin da yake ci. Wanda ya kasa nuna maka iyayen, ka bar masa kayansa. Kafin ka biya, ka leƙa sashen kula da gandun daji da namun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha ka tambayi matsayin irin da kake son ajiyewa. Akwai kuma waɗanda nasu ya yi musu girma suna neman mai karɓa. Karɓar irin wannan ya fi sayen sabo, don aƙalla ka ga girman abin da idonka.

Wajen zaɓe, ka ɗaga shi ka ji. Mai lafiya yana da nauyi kamar dutse daidai girmansa, wanda ya yi sakayau yunwa ko ƙishirwa ta ci shi. Idanu su kasance a buɗe ba kumburi, hanci a bushe ba kumfa ba majina, numfashi ba ƙara. Ka ajiye shi a ƙasa ka ga ya ɗaga cikinsa ya yi tafiya da ƙafa huɗu. Ka duba lungun wuya da hammata da gindin cinya saboda kaska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai awaki ko ragon layya a gida: a 2000 Amurka ta hana shigar da sulkata da wasu irin kunkurun Afirka biyu ƙasarta, saboda kaskar da ke jikinsu tana iya ɗaukar cutar da ke kashe shanu da tumaki da awaki. A makon farko ka kai shi asibitin dabbobi a duba shi, a cire kaskar, a duba kashinsa saboda tsutsar ciki.

Kada a huda gefen ƙoƙonsa a ɗaura igiya, kamar yadda ake yi a wasu gidaje. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe yake da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, akwai jini da jijiya a ciki. Don bai yi kuka ba, ba ya nufin bai ji zafi ba. Kada kuma a shafa masa fenti ko a rubuta sunan yaro a bayansa. Duk dabbar da ka tsare ka hana ta nemar wa kanta abinci, haƙƙinta ya hau wuyanka, wannan kowa ya sani tun daga makarantar allo.

A yi masa shinge nasa a wani lungu mai ƙasa, nesa da madafa da randa da wajen shanya, a kafa tubalin ya nutse cikin ƙasa saboda haƙa. Ya samu rana da safe, domin da hasken rana jikinsa ke sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Wanda aka kulle a ɗaki ƙoƙonsa laushi yake yi ya karkace. Ya samu inuwa mai kyau saboda zafin Maris da Afrilu, kuma a riƙa leƙawa, don idan ya kife a bayansa cikin rana ya kasa juyawa, yana iya mutuwa kafin la'asar. Da hunturu kuma, daren Disamba da Janairu na Bauchi yana sa musu ciwon huhu, sai a tanadi ɗan akurki da busasshiyar ciyawa a ciki. Ruwan shansa a faranti marar zurfi, a canza kullum, a zubar a masai ba a tsakar gida ba. Farantin da tsintsiyar da abin kwashe kashi su zama nasa shi kaɗai, babba ne zai riƙa sharewa, ba mai ciki ba, ba yaro ba. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 20, ba tsoma hannu a roba ɗaya da kowa ba.

Idan wata rana ya fi ƙarfinka, kada ka kai shi bayan gari ka saki, kada kuma ka ce za ka mayar da shi Yankari da kanka. Wanda ya zauna cikin kaji da awaki yana iya kai wa na daji cuta, kuma wataƙila ma dajin ba irin mazauninsa ba ne. Ka nemi jami'an namun daji, ko ka tuntuɓi gidan namun daji irin na Jos ko na Audu Baƙo a Kano ka ji ko za su karɓa.

Hajiya, ga amsar tambayarki. Idan sulkata ne, ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busasshiya, ita ce kusan duka abin da zai ci, kuma a tabbatar ba a yi mata feshin magani ba. A ƙara masa ganyen rama ko yakuwa ko na kabewa, da ɗan zogale jefi-jefi, a barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa sau ɗaya ko biyu a mako. Ban da tuwo, ban da shinkafa da burodi da madara da nama. Mangwaro da kankana ma sai ɗan kaɗan can ba a rasa ba, don suna ɓata masa ciki. Amma wannan bayani ki ajiye shi tukuna. Da mai wata 9 da mai shekara 4 a gidanki, ki nuna wa Alhaji wannan shafi, ku ɗage maganar har autanku ya cika shekara 5. Kuɗin da ya ware, ya kai yaran Sumu ranar wata Asabar su ga raƙumin dawa da jakin dawa, alƙawari ya cika ta wata hanyar.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tambayoyin da kuka aiko kan cizon kare da allurar rigakafin haukan kare.